Ruwan Sha Shida ga Sha'aban

Tun kafin jirgin ruwan Razak ya taɓa yashi Rosnah ta hango Idrus tsaye a bakin gaɓa, da koren kakinsa, da littafin rubuta baƙi a hammata. Duk yawan tsibiran gandun nan, a rasa inda za a turo Idrus aiki yau sai Sarang?

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

Sarang tsibirin kakanninta ne. Shekara arba'in ke nan da gwamnati ta mai da shi gandu, ta hana zama da kamun kifi a cikinsa, aka kwashe mutanen ƙauyen aka kai su gaɓar Satun. Abu ɗaya aka bar musu: sau ɗaya a shekara, kafin azumi, su zo su share kaburbura, su kwana biyu cikin tanti kamar baƙin yawon buɗe ido.

Amma zuwan bana daban ne. Mahaifinta, Pak Seman, ya gayyato Mak Aji Latifah da ɗanta Razak mai jiragen ɗaukar baƙi. Ga Mak Aji can zaune a tsakiyar jirgi, ta rungume akwatin tagulla kamar jariri. Ganyen sirih ne a ciki, wanda ake taunawa kamar goro. A wajenmu ba a neman aure da fatar baki. Uwar yaro ce take miƙa akwatin, in uban yarinya ya ɗauki ganye ya naɗe ya tauna, magana ta ƙullu. Pak Seman kuwa ya ce yau zai tauna, da zarar sun sauko daga kabarin mahaifinsa.

Ba wanda ya yi wa Rosnah dole. Shekarunta ashirin da huɗu, an kira ta an tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Shirun budurwa kuwa kowa ya san fassararsa.

To ta ce me? Ta ce shekara guda ke nan wani mai gadin gandu yana zuwa rumfarta ta bakin tasha yana sayen shinkafar kwakwa, ya ci a hankali kamar mai ciwon haƙori don kawai hira ta yi tsawo? Tun ranar da masu kaki suka kama tarun Pak Seman a cikin iyakar gandu, shekara uku baya, ya rantse ba zai ƙara amsa sallamar mai wannan kaya ba. Idrus ba ya cikin waɗanda suka kama, amma a idon tsohon kaki duk kaki ne.

"Assalamu alaikum, Pak. Sannunku da hanya," in ji Idrus.

Pak Seman ya wuce shi kamar ya wuce kututture. Ya saɓi tanti a kafaɗa, ya bar filin da aka share wa baƙi a kan tudu, ya nufi wata ƙatuwar bishiya da ke can ƙasa, kusa da ruwa.

"Nan gidanmu yake," ya ce wa Rosnah, muryarsa ta yi taushi. "Nan aka binne cibiyata. Shekara arba'in suna kwantar da ni a kan tudu kamar akuyar baƙo. Bana da surukai na zo, a gidan ubana zan sauke su. Riƙe min turken nan."

Rosnah ta dubi bishiyar. Ta san bishiyar. Watan jiya Idrus ya nuna mata hotonta a wayarsa, ruwa ya shanye gindin bishiyar, kifaye na iyo a cikin saiwoyinta. Har dariya suka yi a ranar.

Razak da uwarsa suna can jirgi suna sauke kaya. Kakar Rosnah, Tok Embun, tana zaune a kan buhun shinkafa nesa kaɗan, ita kuwa kunne ya daɗe da yin nauyi. Sai Idrus ya matso, ya rage murya don kada wani ya ji.

"Pak, ka yi min aikin gafara. Yau wata sha shida. Kafin azahar ruwa zai cika har gindin bishiyar nan. Yashin ya bushe ne don kwana goma bai hawo ba."

Pak Seman ya ci gaba da buga turke.

"Pak, don Allah. Ni zan ɗaukar muku kayan zuwa tudu."

Tsohon ya ɗago, amma ba Idrus ya kalla ba, 'yarsa ya kalla.

"Rosnah, gaya wa wancan mai koren wandon, shekara goma sha ɗaya na yi a wurin nan ruwa bai taɓa jiƙa min tabarma ba. Tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba nake karanta teku. A littafi ya gani, ni a ciki na tsufa."

Idrus ya juyo ya dube ta. Idonsa ne ya ce: Ƙanwata, kin gani da idonki. Ki faɗa masa.

Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Amma in ta ce ta sani, tambaya ɗaya ce za ta biyo: a ina kika sani?

"Ka ji abin da Abah ya ce," ta faɗa, idonta a ƙasa. "Ka tafi aikinka, malam. Mu ba mu san ka ba."

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya tsaya jim, ya gyaɗa kai, ya juya. Ta bi bayansa da kallo har ya hau matakalar ɗakin katako na masu gadi. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Aka kafa tanti uku. Mak Aji ta shigar da akwatinta cikin nata don ganyen kada ya yi yaushi a rana, ta ja zif, sannan ta zaro ɗan kwaɗo daga jaka ta datse.

"Birai ba sa buɗe zif, Mak Aji," in ji Tok Embun.

"Ba birai masu wutsiya nake tsoro ba, Tok," ta amsa da ƙarfi, tana hararar ɗakin katakon. "Masu takalmi nake nufi."

Razak ya ƙyalƙyale da dariya. Rosnah ta lallashi zuciyarta da cewa za su yi sauri, su share, su yi addu'a, su sauko kafin ruwa. In ta ga ya fara matsowa sai ta ce ita ma yanzu ta lura.

Ta manta da ƙafafun Tok.

Kaburburan suna can saman dutse. Tok ta ce ko da rarrafe sai ta je wajen mijinta. Razak ya buga ƙirji ya goya ta, bai yi taku hamsin ba ya sauke ta yana haki.

"Tok, ashe nauyi gare ki haka?"

"Ba nauyina ba ne, ɗan nan, cikinka ne ya riga ka gajiya."

Haka suka hau, taku goma hutu ɗaya. Aka cire ciyawa, aka gyara duwatsu, aka zuba ruwa da furanni. Tok ta zauna ta buɗe hira da kabari, tana ba mijinta labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, har da kazar maƙwabta da ta addabe ta. Pak Seman ya ja Yasin a hankali. Rosnah ta ɗaga hannu tare da su, amma kunnenta yana ƙasa. Ƙarar teku ta sauya, ta matso.

"Abah, ko mu sauka? Rana ta yi."

"Saurin me kike? Amarya tun yanzu?" in ji Mak Aji, aka yi dariya.

Sai da rana ta tsaya tsaka suka sauko.

Razak ne a gaba. Da ya fito daga cikin itatuwa sai ya tsaya cak.

Babu yashi. Inda suka bar fili fari, yanzu ruwa ne kore yana kai da komowa a gindin bishiyar. Takalmin Mak Aji ɗaya yana yawo, murfin tukunya yana bin sa. A kan tudu kuwa ga tanti biyu an jawo su, ga buhun shinkafa rabinsa ya jiƙe, ga tabarmi an baza suna ɗiga. Ƙullin Tok, wanda likkafaninta ke ciki, wanda ba ta tafiya ko'ina ba shi, an rataye shi a reshe, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Idrus yana cikin ruwa har cinya, ya riƙe igiyar tanti na uku da hannu biyu kada teku ta tafi da shi. Tafin hannunsa ya yanke, jini na bin igiyar.

"Akwatina!" Mak Aji ta ƙwalla ƙara. "Razak, akwatina!"

Aka jawo tantin da ƙyar, ruwa ya cika shi kamar salka. Mak Aji ta buɗe kwaɗon. Akwatin ya kife, ganyen sirih duk ya watse, ya sha gishiri, ya cakuɗe da yashi da farar ƙasar da ake naɗe shi da ita. Ko akuya ba za ta tauna shi ba.

"Me ya sa ba ka fito da shi ba?"

"A kulle yake, Mak Aji. Ba na yanka tantin mutane."

Sai muryar Tok Embun ta tashi, irin muryar kurame da ba ta san rage sauti ba.

"Wai waye ya kafa tanti a nan?"

"Ni ne, Mak," in ji Pak Seman. "Gurbin gidanmu ne. Ruwa bai taɓa shigar mana ba."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Seman, gidanmu a kan dirkoki yake. Matakala tara ake hawa. Ka manta ta ramin daɓe kake jefa ƙugiya kana kama kifi kana kwance?"

Wayyo. Na ga maza sun ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin labarin fuskar da ta mutu irin ta Pak Seman a ranar ba. Mutumin da matasan masunta ke zuwa tambayarsa ranar fita! Hularsa ma kamar ta yi masa yawa.

Mak Aji ta tafa hannu.

"Oh! Wannan ne masanin tekun da ake ba mu labari? Na ɗauko ganye tun daga Satun, na zaɓe shi ɗaya ɗaya, a jiƙa min shi a ruwan gishiri? Wace irin alama ce wannan ga aure?"

Razak ya ga abin zai lalace masa. Ya dubi surukin da yake nema, ya dubi mai kaki, ya zaɓi wanda zai ɗora wa kaya.

"Mak, ba laifin Pak Seman ba ne. Aikin wa ne gargaɗin baƙi? Wannan yana kallo muka kafa tanti, ya yi shiru don ya ga an wulaƙanta dattijo. Gobe da safe ina ofishinsu. Wallahi sai an tuɓe masa kakin nan." Ya juya. "Pak, ya ce maka ruwa zai zo nan?"

Pak Seman ya dubi ƙafafunsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Rosnah ta dubi Idrus. Yana naɗe hannunsa da gefen riga. Ya ɗago ya kalli tsohon, kallon tausayi, sannan ya ce a hankali:

"Laifina ne. Ban bayyana yadda ya kamata ba."

Nan fa abin ya fi ƙarfinta. Ita ta ce ba ta san shi ba, shi kuwa ga shi yana shimfiɗa aikinsa a ƙasa don ubanta ya taka ya wuce.

"Ya faɗa."

Ba ta san muryarta za ta fita haka ba. Kowa ya juyo.

"Ya faɗa wa Abah, ina riƙe da turke. Sau biyu ya faɗa, har ya ce zai ɗaukar mana kayan." Hawaye suka ɓalle mata. "Ni ma na sani. Tun watan jiya na san ruwa yana zuwa nan. Na yi shiru."

"A ina kika sani?" in ji Mak Aji, idonta ya ƙanƙance.

"Bang Idrus ne ya nuna min."

"Bang?" Mak Aji ta maimaita, tana jan kalmar kamar danƙo, don a wajenmu budurwa ba ta kiran namiji Bang sai yayanta ko masoyinta. "Bang Idrus! Razak, kana ji? Ashe mu ne baƙi a maganar nan. Kwashe min kayana. Yarinyar da ke tsinka ubanta a gaban mutane saboda mai gadi, ni za ta raga wa?"

"Mak, ki tsaya mana..."

"Ka tsaya kai, in kana so ka auri ruwan gishiri."

Razak ya yi ta waige, amma ya bi uwarsa. Injin ya tashi, jirgin ya yanki teku, ya bar su su uku da jiƙaƙƙun tabarmi. Idrus ya ja jiki ya koma ɗakinsa ba tare da ya kalli kowa ba.

Pak Seman ya tafi can ƙarshen tudu ya zauna a kan wani dutse, ya ba su baya. Rosnah ta bi shi. Ta je ta durƙusa a gefensa.

"Abah."

Shiru.

"Abah, ka doke ni in kana so. Kada dai ka yi min shiru."

"In doke ki a kan me?" Muryarsa ta dushe. "A kan kin faɗi gaskiya? Ko a kan kin makara da ita?"

"Duka biyun."

"Tun yaushe?"

"Shekara guda. Wallahi hira ce kawai, a rumfa, a gaban mutane. Sau uku yana cewa zai turo manyansa, ni nake hana shi."

"Da na kira ki na tambaye ki zancen Razak fa? Ba ni kaɗai ba ne da ke a ɗakin? Na sa miki wuƙa a wuya?"

"A'a, Abah."

"To me ya rufe miki baki?"

"Rantsuwarka." Ta share fuska, wasu hawayen suka sake zubowa. "Na ga yadda ka dawo ranar da aka kama tarun. Kwana uku ba ka ci abinci ba. Tun rasuwar mahaifiyata ban gan ka haka ba. Na ce in na kawo maka mai kaki gida, na ƙarasa abin da suka fara. Gara ni in haɗiye."

"Kika haɗiye har kika bar ni na kafa tanti a cikin teku."

"Na ji tsoro."

"Kina riƙe min turke, Rosnah! Kina kallona ina bugawa!"

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Bai ture ta ba, bai kuma dafa ta ba. Can ya yi ajiyar zuciya.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Ba ruwan ba. Ba bakin matar nan ba. Da Razak ya tambaye ni, na ji daɗin tambayar. Na ce a raina, bari mai kaki ya ɗauki laifin, ai su ma sun ɗauki taruna. Da ba ki yi magana ba, da na bar shi. Da hannuna da ya gama shafa Yasin a kabarin ubana."

"Abah, kada ka ce haka."

"Na faɗa. Ke kin yi shirun tsoro, ni na yi na mugunta. Wa ya fi wani?"

"Ku biyun duk kun iya shiru," Tok Embun ta ɗaga murya daga inda take zaune, "ni kuwa cikina bai iya ba. Ashana ta jiƙe, shinkafa ta sha gishiri, jirgi ya tafi. Seman, ko dai in sa likkafanin nan tun yanzu, tunda shi kaɗai ne busasshe?"

Pak Seman ya dubi ɗakin katakon. Duk tsibirin nan ba wuta sai can, ba jirgi sai na can. Ya miƙe kamar mai ɗauke da dutse, ya gyara hularsa.

"Ki tsaya nan."

Ba ta iya tsayawa ba. Ta bi shi daga nesa, ta laɓe bayan tanti. Ta ga mahaifinta ya tsaya a gindin matakala, hannayensa a baya, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Assalamu alaikum."

Idrus ya fito da sauri, ya sauko har ƙasa, ya rusuna.

"Wa alaikumus salam, Pak."

"Sallamar safe ce nake biya," in ji tsohon, yana kallon gefe. "Hannun fa?"

"Da sauƙi, Pak."

"Ƙarya kake. Igiyar roba ce, na san cinta. Ka wanke da ruwan daɗi, kada ka sa na teku." Ya dubi inda Tok take zaune. "Tsohuwata tana jin yunwa."

Kafin a ce me, Idrus ya fito da murhu, da shinkafa, da busasshen kifi, da butar shayi. Ya kawo har inda Tok take ya ajiye, ya juya zai koma.

"Tsaya," in ji Pak Seman.

Idrus ya tsaya.

"Ban ce na yafe tarun ba. Ban kuma ce komai a kan kowa ba, kada wani ya ji abin da ban faɗa ba." Ya harari bayan tantin, inda gefen mayafin Rosnah ke leƙowa. Sannan ya dawo da idonsa kan saurayin, ya dube shi sosai, karo na farko. "Kai ɗan waye? Su waye mutanenku?"

Rosnah ta toshe bakinta da hannu biyu. Uba ba ya tambayar asalin mai gadi, sai na mai neman 'yarsa.

"Kai Seman, ba ka da ta ido?" in ji Tok. "A tsaye ake tambayar asali? A ba shi tabarma."

"Tok, duk sun jiƙe," Rosnah ta faɗa daga maɓoyarta.

"To ya zauna a jiƙaƙƙiyar. Mu ma a kanta muke."